Tuwon 'Ya'yan Sarki da na je nema a Haɗeja

Tun ranar da na dawo daga Haɗeja kun hana ni sakat. Wadda ta zo sayen tuwo sai ta tsaya da kwano a hannu tana cewa, "Kande, wai da gaske da kifi suke karya kumallo a can?" Wadda ta zo gaida Baba sai ta ja ni gefe, "Don Allah me kika ba shi ya tashi?" Ladidi kuwa, da muka tafi tare, ta riga ta zaga Fagge ta ba kowa nata labarin, kuma rabinsa ƙarya ne. Babu wani kada da ya bi mu. To yau na sauke tukunya da wuri, ku gyara zama in faɗa sau ɗaya. Wadda ta sake tambayata bayan yau, ga tasha can, ta je ta gano da idonta.

Kun san tun tsakiyar damina ciwo ya kwantar da Baba. Ciwon ya yi sauƙi, amma ci ya tafi. Ni da direbobin motar gyaɗa ke layi a ƙofata, ni da ake aiko wa daga cikin birni ranar suna, na rasa abin da zan dafa mahaifina ya haɗiye. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ya kau da kai. Na yanka kaza na yi farfesu, ya ce ƙarni. Kunun tsamiya kaɗai yake karɓa, shi ma kurɓi uku ya ture. Malamin asibiti ya faɗa mini a tsaye cewa magani ya gama aikinsa, in dai tsohon nan bai ci abinci ba, babu sauran dabara.

Wata rana da hantsi ina yi masa fifita, sai ya ce, "Kande, da zan sami tuwon 'ya'yan sarki, da na ci."

Na ce, "Baba, wane ne kuma wannan?"

Ashe tuwon mahaifiyarsa ne, Iya Dije. Kun san shi ba haifaffen Kano ba ne. A wani ƙauye a bayan Auyo aka haife shi, tana rasuwa kawunsa ya ɗauko shi yana ɗan shekara takwas, bai ƙara taka can ba. Ya ce ita ce take kiran tuwon da wannan suna. "Launinsa kamar tukunyar ƙasa da ta sha wuta. Yana ɗan ƙas-ƙas a haƙori. Ƙamshinsa irin na bakin tabki. Ina ci ina jingine da cinyarta, jikinta da sanyi kullum, ko da rana ta take." Maganar sanyin nan ban ɗauke ta a bakin komai ba, na ce surutun mara lafiya ne.

Na tambayi duk wata tsohuwa da na sani, babu wadda ta taɓa jin sunan. Sai na tuna Malam Bukar, bafataken bandar kifi da yake sauka a zaurenmu in ya zo daga Haɗeja. Shi ya ce bai san harkar tukunya ba, amma matarsa Falmata, in dai abu ana dafa shi a ƙasar nan, ta san shi. Na bar Baba a hannun ƙanwata, na durƙusa na ce masa kwana bakwai zan yi. Ya ce, "To, in kin same ni." Wallahi da wannan maganar na tafi, da ita na dawo.

Ladidi ba ni na gayyace ta ba. Ta ji an ce abincin sarakuna, sai ga ta da asuba da ƙunshinta, wai bai kamata in yi tafiya ba 'yar rakiya. Ku kun san ta, ba sai na ƙara ba.

Jirgin Nguru muka shiga, tare da Malam Bukar da zai koma gida. Ni da gadarata na ɗauko muciyata, da daddawar da na yi da hannuna a cikin 'yar tukunya, don kada matan Haɗeja su zaci ban san komai ba. Jirgi na fizgawa tukunyar ta gangaro daga kan benci ta tarwatse. Jama'a, warin daddawa a taragon da ya cika maƙil! Wani akawu mai taye da ke gabanmu ya toshe hanci da hankici tun daga nan har Ringim, yana hararata kamar ni na ƙirƙiro kalwa. Na tattara abata a gefen zani na ce masa, "Malam, in an sa maka a miya ai har kwano kake suɗewa." Tarago ya kwashe da dariya, shi bai yi ba. Ladidi kuwa kafin mu kai Taura ta cinye guzurinmu na kwana biyu, har da dakuwar da na ce ta tsaraba ce.

Can gaba Malam Bukar ya nuna wata kuka ta taga ya ce daga nan mun fita ƙasar Kano. Ladidi ta leƙa ta leƙa, ta ce, "Ina ƙofar? Ina dogaran?" Ita a zatonta ganuwa za ta gani da mai gadi. Gero ne a wannan gefe, gero a wancan gefe.

Abin da take nema ta same shi a tashar Malam Madori, inda muka sauka. An ce agana ta ɓulla a wasu garuruwa, saboda haka wani ma'aikacin lafiya ya kafa tebur a bakin fita, kowa sai ya nuna tabon lambar rigakafi a dantse. Ni ina da nawa. Ladidi ashe duk shekarun nan in masu lamba sun shigo unguwa a bayan randa take ɓuya. Mace mai 'ya'ya huɗu ta zauna dirshan a ƙasa tana kiran uwarta. Abin da bai wuce ƙarzanen ƙaya ba. Da aka gama ta ce jiri take ji, sai da aka saya mata ƙosai.

Daga nan motar kaya muka hau, a kan buhuna, muka isa Haɗeja bayan la'asar. Tun kafin mu ga ganuwa hancina ya sanar da ni mun zo. Garin nan kifi yake shaƙa. A kan danga kifi, a kan rufin ɗaki kifi, a bayan gida hayaƙin banda. Irin karfasar da mu nan sai mai gida ya yi baƙon kunya ake sayowa, na ga yarinya ta jefa wa kyanwa, kyanwar ma ta sansana ta wuce. Na ce innalillahi, ashe akwai inda kifi ba shi da daraja.

Falmata doguwa ce, baƙa, iyayenta mutanen bakin Chadi ne, ɗakinta kuwa turaren wuta har ya kama bango. Tana da maƙwabciya, Indo, gajera mai baki. Su biyun nan ban taɓa ganin masu son abinci irinsu ba. Ta kan katanga suke miƙa wa juna ludayin miya, kowacce ta ɗanɗana ta kushe ta 'yar'uwarta, sannan ta ce a ƙaro. Ladidi na ganinsu ta san ta zo gida.

Da safe aka kawo mana karin kumallo, na buɗe kwano sai ga kan tarwaɗa yana kallona. Na ce, "Falmata, da sassafe?" Ta ce, "To da me kuke karyawa a Kano?" Na ce koko da ƙosai. Indo ta riƙe haɓa ta ce, "Allah sarki, ashe wahala kuke sha."

Bayan mun ci na faɗa musu abin da ya kawo ni. Na zayyana tuwon kamar yadda Baba ya faɗa, launi da ƙas-ƙas da ƙamshin tabki. Na ga sun kalli juna. Kallon bai fi ƙiftawar ido ba, amma na gan shi. Sai Falmata ta tafa hannu ta ce, "Af, ai tuwon jar shinkafa ne! Tashi mu ɗora."

Ranar na san ban iya kifi ba. Na ɗauki tarwaɗa zan wanke da ruwa, Indo ta fizge ta ce, "Wa ya koya miki wannan aika-aika?" Da toka ake murje ta sai yauƙin ya fita tas, sannan a ɗauraye da ruwan zafi. Ni Kande, da nake koya wa amare girki, aka tsayar da ni kamar sabuwar amarya. Yakuwa kuma ba a zuba ta sai kifi ya kusa nuna, kuma ba a sa ludayi a juya, tukunyar ake ɗauka a jijjiga don kada kifin ya farfashe. Shinkafar tasu ja ce, 'yar fadama, tana da wuyar tuƙi, sai da kafaɗata ta yi tsami. Tuwo ya yi daɗi har kunne, Ladidi ta ci malmala huɗu. Amma laushi ne da shi kamar auduga, babu ƙas-ƙas ko kaɗan. Na ce ba shi ba ne.

Washegari suka ce to lalle burabusko ne. Muka ɓarza gero, muka turara, aka yi miyar kuka da banda, aka kwarara man shanu. Shi yana da ɗan tsaki-tsaki a baki, har na fara murna, amma ƙamshin gero ne, gero kuwa Baba ba zai kasa gane shi ba. Rana ta uku suka jiƙa shinkafa wai sinasir. Sinasir fa! Na ce, "Bayin Allah, tuwo na ce muku." Falmata ta ce ai yaro ɗan shekara takwas komai tuwo ne a wurinsa. Ladidi da bakinta cike ta ce gaskiya ne, a gwada.

Kwana huɗu ke nan da barina gida. Ina kwance a ɗaki bayan azahar, sauro ya hana ni runtsawa, don sauron Haɗeja bai san rana ba, sai na jiyo muryar Indo daga madafa.

"Ki faɗa mata mana. Ubanta fa yana kwance."

Falmata ta ce, "Da wane bakin? Baƙuwa ta sauka a gidana, ta ci gishirina, in dube ta in faɗa mata wannan? Ke ki faɗa."

"Allah ya kiyaye."

Ban san lokacin da na faɗa madafar ba, ko ɗankwali babu. Na ce, "Ashe kun sani! Tun ranar farko kun sani, kuka tsare ni kuna ɗura mini kifi, mahaifina yana can yana ƙarewa!" Na faɗi maganganu, ba zan maimaita su ba, na riga na nemi gafara. Falmata ba ta rama ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kande, a garin nan ba a faɗa wa baƙo irin wannan magana a kan iyayensa. Ni dai ba daga bakina ba. Gobe zan kai ki ƙauyenku da kaina. In akwai sauran wanda ya san kakarki, shi yake da ikon faɗa."

Na ce a raina, me kakata ta aikata? Sata ta yi? Mushe ta dafa?

Da sassafe muka kama hanya mu uku, ni da Falmata da Ladidi. Jakai suka kai mu bakin ruwa a wajen Auyo, daga nan sai kwalekwale, don ruwan bana bai gama janyewa ba, gonaki da hanya duk sun zama tabki ɗaya. Mai fito ya ce kowa ya zauna a tsakiya kada ya motsa. Muna tsakiyar ruwa wani kifi ya yi tsalle, Ladidi ta zabura ta miƙe tsaye tana salati. Kwalekwale ya karkata, ruwa ya kwararo, muka jiƙe har ƙugu. Ƙunshin gishirin da na sayo don tsaraba ya narke, tsumma kawai na ɗaga. Mai fito ya ce shekararsa talatin a kan ruwa bai taɓa ɗaukar kaya mai tashi tsaye ba. Wannan shi ne kadan da Ladidi take ba ku labari.

Kusa da ƙauyen ruwa ya rufe da wasu faffaɗan ganyaye masu farin fure. Bado ne, irin wanda ke cikin kududdufan bayan gari, sai dai can ya yi yawa har ba a ganin ruwa. Ladidi ta ce, "Kai, abin sha'awa." Falmata ta kau da kai.

Aka kai mu wurin wata tsohuwa da kowa ke kira Yakumbo. Tana zaune a gindin goriba tana saƙar tabarma, idonta ɗaya ya yi fari. Muka gaisa, ta tambayi 'yar wace ce ni. Kun san bakina ba zai iya kiran sunan Baba ba, sai Ladidi ce ta faɗa. Tsohuwa ta ce ba ta san shi ba. Na ce ɗan Iya Dije ne. Sai ta saki kabar da ke hannunta.

"Jatau? Jatau na Dije yana raye?"

Na ce yana raye, amma ya ƙi cin abinci, wai sai tuwon 'ya'yan sarki.

Ta yi wata irin dariya, dariyar ta juye ta zama kuka. Muka zauna muna kallonta. Da ta share ido ta ce, "'Yar nan, bado ne. 'Ya'yan bado."

Na ce, "Na'am?"

"Wanda kuka ratso yanzu. Shi ne tuwon."

Wallahi ji na yi kamar an mare ni. Ni da na taso daga Kano ina zaton zan koyo girkin gidan sarauta, har ina tunanin yadda zan riƙa sayar da shi ranar Juma'a. Bado! Abin da yara ke tsinka a kududdufi ana kora su. Ladidi ta buɗe baki ta kasa rufewa. Falmata ta ce a hankali, "Kin ga abin da ya sa. A nan in aka ce gidan su wane sun ci bado, an ce yunwa ta tona musu asiri ke nan. Har jikoki ana goranta musu."

Yakumbo ta ce shekarar yunwa ce, Turawa ba su daɗe da zuwa ba, ita tana amarya, katangarsu ɗaya da Iya Dije. Ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba. Kakana ya tafi kudu neman hatsi, bai dawo ba har yau. Tabkuna suka ƙafe, sai wani mai zurfi da mutane ke tsoro. Can Iya Dije take zuwa kullum tun yaron bai farka ba, ta shiga har wuya ta lalubo ƙwallayen bado. Ba ta kai su gida. A turmin Yakumbo take dakawa, a bayan ɗaki, don kada ɗanta ya gani, kada yaran gari su riƙa yi masa waƙa. In ta tuƙa sai ta ce masa daga gidan sarki aka aiko, 'ya'yan sarki kaɗai ke cin irinsa, kada ya faɗa wa kowa.

Na ce, "Ita fa, me take ci?"

"Ƙanzon tukunya. Wata biyar tana shiga ruwan nan, har cikin sanyi. Tari ya kama ta. Ruwan farko na damina ya sauka ranar Laraba, muka binne ta ranar Alhamis."

Ban yi kuka a lokacin ba. Kunya ce ta fara kama ni, sannan haushin kaina da na ji kunyar.

Tsohuwa ta rarrafa cikin ɗaki ta jawo wani ɗan tulu daga ƙarƙashin gado, bakinsa a liƙe da laka. Ta fasa. Ƙananan ƙwayoyi ne ja-ja masu duhu, ba su kai gero ba. Ta ce tun waccan shekara ba ta taɓa yarda tulun nan ya zauna babu komai ba, duk kaka sai ta sabunta, 'ya'yanta ma ba su sani ba. Ta ce za ta ba ni, don sabo sai ya kwana biyar ana ruɓar da ɓawonsa ana shanya, ni kuwa ba ni da kwana biyar. Amma sai na shiga ruwa na ɗebo mata wanda za ta mayar.

Na shiga. Laka har gwiwa, ruwa har ƙirji, sanyi kamar ana yanka ni, da rana tsaka fa. Ƙwallon ba a sama yake ba, sai kin bi jijiyar da hannu kin nutsa kin tsinko. Na cika ƙwarya ɗaya da ƙyar. Da na fito na dubi ƙafafuna, sai ga matsattsaku baƙaƙe sun liƙe tun daga idon sawu har cinya, sun sha jini sun yi tiɓis. Na ƙwalla ƙara da duk ƙauyen suka ji. Ladidi ta ruga a guje, ita da ba ta taɓa ruwan ba. Yakumbo ta barbaɗa musu toka suka zube, ta ce, "Sau ɗaya ke nan kika shiga."

A nan gindin goribar ta koya mini. A ɗan soya ƙwayar sama-sama a busasshiyar tukunya, a surfa, a bakace, a daka amma kada ya yi laushi, daga nan ƙas-ƙas ɗin yake. A tuƙa da ruwa kaɗan. Miya kuwa garin kuka ne da ruwan kanwa. Na tsaya ina jiran sauran. Ta ce shi ke nan. Na ce gishiri fa? Daddawa fa? Ta ce, "A ina za ta samo?" Ladidi ta sa loma ɗaya, karo na farko a rayuwarta da na ga ta kasa ƙara ta biyu.

Abin da ya rage a tulun bai fi tuƙi biyu ba. Na ƙulle shi a bakin zani, ban yarda na sa a kaya ba. Falmata ta haɗa mini banda da kwalbar man shanu, muka rungume juna a bakin mota, Indo tana ta faɗa mini kada in sake wanke tarwaɗa da ruwan sanyi. Ranar kwana na bakwai muka sauka Kano. Na sami Baba, amma kunun ma ya koma kurɓi ɗaya.

A nan ne na tafka wautar da ta fi ta Falmata. Na ɗora tukunya, Ladidi tana tsugune tana hura mini wuta, sai ta ce, "Kande, yanzu ruwan kanwa za ki ba mara lafiya? Ga banda, ga man shanu. In aka ji a unguwa fa?" Ni ma abin da ke raina ke nan. Na ce ai da Iya Dije ta samu da ta sa. Na zuba banda, na zuba daddawa, na sa gishiri da barkono, na kwarara man shanu har yana kwanciya a kan miya. Ƙamshi ya cika gida, wasunku ma sun leƙo ranar.

Na kai masa. Ya dubi tuwon, idonsa ya ɗan buɗe. Ya gutsura, ya dangwala, ya kai baki. Ya tauna sau biyu ya ajiye hannu.

"Ya yi kama. Amma ba shi ba ne. Sannu da wahala, Kande." Ya juya fuska bango.

Na koma madafa na zauna a kan turmi. Saura tuƙi ɗaya. Ladidi ta buɗe baki, na ce in ta ce uffan sai na kwaɗa mata muciya. Na wanke tukunya tas har sau uku don kada ƙamshin mai ya rage. Na tuƙa na ƙarshen. Na kaɗa kuka a ruwan kanwa, hannuna yana kaiwa wurin gishiri da kansa ina janyo shi. Abin da na zuba a akushi, da wata ce ta kawo mini shi da na ce raini ne.

Na tashe shi zaune, na jingina shi da jikina don ba ya iya zama shi kaɗai. Ya sa loma ɗaya. Ya sa ta biyu, ya sa ta uku. Ina jin ƙas-ƙas ɗin a haƙoransa. Ladidi tana bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Sai da ya ci fiye da rabi sannan ya ce, "Shi ne." Ya ƙara loma, ya ce, "Wane irin hatsi ne wannan? Shekara hamsin ina dubawa a kasuwa ban gan shi ba."

Tun a jirgi nake shirya ƙaryar da zan yi masa. Na yi niyyar in ce wata shinkafa ce da ake nomawa don gidan sarki. Amma ga tabon matsattsaku a ƙafata yana kallona, bakina ya ƙi.

Na ce, "Baba, bado ne."

Hannunsa ya tsaya a cikin akushi. Ya daɗe haka, har na tsorata na ce na kashe shi da bakina. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe shi ya sa kullum zaninta a jiƙe yake."

Hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga, bai share ba. Ya jawo akushin kusa, ya cinye sauran, ya suɗe miyar da yatsa. Sannan ya ce in kawo masa ruwa ya yi alwala, yana so ya yi mata addu'a.

Washegari ya sha koko kofi guda, bayan kwana biyu ya ci tuwon dawa. Kun dai gan shi jiya a zaure yana faɗa da mai itace. Malam Bukar zai zo da wani ƙunshin daga wurin Yakumbo in ya tashi zuwa, kuma Baba ya ce in ruwa ya janye sai an kai shi ya ga inda aka sa ta.

To kun ji abin da na ba shi. Wadda take so ta ɗanɗana ta zo ranar da zan tuƙa, zan koya mata kamar yadda aka koya mini, babu gishiri, babu mai. Amma wadda ta san za ta yatsina fuska ta yi zamanta a gida, don a gabansa za a ci.